“Tsufa ne kawai”: maganar da ke kwantar da iyaye, ta rufe rumfar ƴaƴa

Duk wadda ta taɓa ɗora tsohuwa bisa kabu-kabu ta kai ta gidan likita ta san wannan magana. A bi layi tun da safe, a shiga, a gwada tansiyo, a soki yatsa a ga babu zazzaɓin sauro, sannan a rubuta maganin ƙarin jini da na ciwon gaɓoɓi, a ce: “Tsufa ne kawai, a je a yi haƙuri.” Sai a dawo gida da haƙurin. Bayan wata biyu, tsohuwar da ke zuwa gidan suna da ƙafarta ta koma sai an tashe ta, an zaunar, an ba ta a baki. To wa zai yi wannan hidima? Ɗiyarta ko matar ɗanta, wato ke mai rumfa a babbar kasuwar Maraɗi, ko kasuwar Dole ta Damagaram, ko Katako ta Yamai. Tumatir kuwa ba ya jiran mai jinya. Mai sayen da ya zo sau uku ya tarar da rumfa a rufe, ya koma wurin maƙwabciya ke nan. Ga zubin adashe, ga kuɗin magani, kuma dukansu daga uwar kuɗi za su fito.

Haƙuri abu ne mai kyau, babu mai gardama. Amma shekaru su kaɗai ba su kwantar da mutum cikin wata biyu. Sau da yawa akwai dalili a ƙarƙashi, kuma dalilin yana da magani ko aƙalla yana da sauƙi. Gano shi aiki ne da ake koyo wurin malamai, kamar yadda ungozoma ke koyon karɓar haihuwa.

Likitar da ta tashi gajiyayyu daga gado

A shekarar 1935, a wani asibiti da ke gefen birnin Landan na ƙasar Ingila, an danƙa ma wata likita mai suna Marjory Warren wasu ɗakuna da aka tara gajiyayyu 714, akasarinsu tsofaffi. An riga an yanke musu ƙauna. Ana ba su abinci, ana canja musu shimfiɗa, ana jiran ranarsu. Abin da wannan mata ta yi ba wani abin mamaki ba ne: ta bi su ɗaya bayan ɗaya ta duba su da kyau. Sai ta tarar wasu cutarsu mai warkewa ce, wasu kuma babu abin da ya hana su tafiya illa daɗewa bisa gado. Ta sa aka ƙara haske a ɗakunan, aka kafa abin dafawa, aka riƙa tashinsu ana koya musu taku. Da yawa daga cikinsu suka koma gidajensu. Daga nan ta yi ta kira da a koyar da ɗaliban likita da masu aikin jinya wannan fanni daban, kuma a 1947 tana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar likitocin tsofaffi ta Ingila.

Abu na farko da ake koya ma ɗalibi a wannan fanni shi ne bambanci tsakanin tsoho da gajiyayye. Ƴan kasuwa za su fi kowa gane shi. Mutum biyu suna sayar da albasa a layi guda. Ɗaya yana da jari mai kauri, ɗaya kuma abin da ke gabansa shi ne duk abin da ya mallaka. Idan kasuwa ta faɗi mako guda, na farko zai yi tsaki ya ci gaba, na biyu kuwa ya karye. Haka jiki yake. Akwai dattijo mai shekara 80 da ke zuwa gona, akwai mai 62 wanda mura ta kwana uku za ta kwantar, ya kasa tashi. Na biyun ajiyar ƙarfinsa ce ta ƙare, ko da a ido yana nan lafiya lau.

A 2001, wata likita a Amurka, Linda Fried, da abokan aikinta sun bi mutum sama da 5,000 masu shekara 65 zuwa sama, suka fitar da alamomi biyar na wannan rauni: rama ba tare da dalili ba, yawan jin gajiya, raunin damƙar hannu, tafiya sannu-sannu, da rage zirga-zirga. Wanda ya haɗa uku daga ciki, gajiyayye ne, kuma ya fi sauran haɗarin faɗuwa, kwanciya asibiti da mutuwa. Wanda ke da ɗaya ko biyu yana bakin hanya, kuma nan ne gyara ya fi sauƙi da arha.

Kujera, agogo da sikeli

Wani zai ce wannan aikin ƙasashen masu kuɗi ne, mu ina muka ga na'urori? To ai abin da ake buƙata a matakin farko yana nan a kowace CSI. A 2019 hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta fitar da littafin koyarwa mai suna ICOPE, don ma'aikatan ƙananan gidajen likita. Gwajin da ke ciki bai wuce na ƴan mintoci ba.

A zaunar da tsoho bisa kujera, ya harɗe hannuwa a ƙirji, ya tashi ya zauna sau 5. Idan ya kasa, ko ya wuce daƙiƙa 14, ƙafafu sun fara rauni. A tambaya ko ya rage kilo 3 cikin wata 3, ko cin abincinsa ya ragu. A faɗa masa kalmomi uku ya riƙe, a tambaye shi yau wace rana ce kuma ina yake, sannan a ce ya maimaita kalmomin. A tsaya bayansa a yi raɗa a ji ko ya ji. A gwada ganinsa, na nesa da na kusa. A ƙarshe a tambaye shi ko cikin makwanni biyun nan yana jin baƙin ciki, ko abubuwan da yake so a da sun fita ransa.

Karanta wannan a takarda ba wuya. Wuyar tana wurin aikatawa, kuma nan horo ke shigowa. Iyayenmu da yawa bisa tabarma suke zama, saboda haka ma'aikacin da ya ƙware zai kalli yadda tsohuwa ke tashi daga ƙasa, ya tambaya ko har yanzu tana salla a tsaye, ko tana iya ɗaukar buta ta kewaya ita kaɗai, ta yi wanka, ta ɗaura zane. Wanda bai yi lakwal ba, ba a tambayarsa kwanan watan nasara, sai a tambaye shi yaushe kasuwar garinsu ke ci, ko wane wata ake ciki na Musulunci. Ga kuma kunya irin tamu. Babu dattijon da zai ce fitsari na kuɓuce masa a gaban matar ɗansa. Dole a san lokacin da za a ce ma ƴan rakiya su ɗan fita waje, a kuma san yadda za a yi tambayar cikin ladabi, da “Baba” da “Inna”, ba da tsawa ba. Abin takaici ne yadda ake shiga da tsoho ɗakin likita, a yi ta magana a kansa da wanda ya kawo shi, shi kuwa yana zaune kamar buhun gero.

Kowane gwaji da ya nuna matsala ƙofa ce. Tsohuwar da aka ce ta rikice, wataƙila ba ta ji ne, kuma wani sa'in dattin kunne ne ya toshe. Wanda ya daina fita masallaci, wataƙila yanar ido ce, aikin da ake yi cikin ƙasa da sa'a guda, mutum ya koma yana gani. Wadda ta rame, a buɗe bakinta tukuna: mai haƙori biyu ba ta tauna nama, sai ta koma ga kunu tsararo safe da yamma, tsoka ta narke.

Ledar magani

Ma'aikacin da ya samu horo ba ya rubuta sabon magani sai ya ga tsofaffin. Zai ce a kawo ledar gaba ɗaya: na asibiti, na mai talla bisa tire, na gargajiya, da wanda ɗa ya aiko daga Kano ko Libiya. A nan ƴan kasuwa sai mun faɗa ma kanmu gaskiya, domin a layukanmu ake sayar da waɗannan ƙwayoyi. Ƙodar tsoho da hantarsa ba su tace magani da sauri kamar na saurayi. Diklofenak da ibuprofen da ake sha kullum don ciwon gwiwa suna iya ɓata ƙoda, su jawo gyambon ciki mai zubar da jini, su kuma ɗaga tansiyo. Tramol da ƙwayoyin barci suna sa jiri da ruɗewa, jiri kuma ya kai ga faɗuwa. Tsohon da ya faɗi ya karya ƙashin ƙugu, sau da yawa daga wannan kwanciya ba ya sake tashi.

Ko maganin tansiyo na gaskiya yana iya yin yawa. Shi ya sa ake koya ma ma'aikaci ya auna tsoho a kwance, sannan ya sake aunawa bayan ya miƙe tsaye. Idan lambar sama ta sauka da 2, misali daga 14 zuwa 12, ga dalilin jirin da ke ɗibarsa da asuba in ya tashi alwala. Wani lokaci babban taimakon da likita zai yi shi ne ya rage ƙwaya biyu daga cikin shida.

Sai maganar ruɗewa, wadda ta fi kowace jawo zalunci. Akwai mantuwar da ke shigowa sannu a hankali cikin shekaru. Wannan cutar ƙwaƙwalwa ce, kuma mai ita na buƙatar kulawa da tsaro, ba a kira ta mayya ko a ɗaure ta a ɗaki ba. Akwai kuma ruɗewar da ke zuwa farat ɗaya: jiya Baba lafiya lau, yau bai san ƴaƴansa ba, yana surutai, ko ya yi shiru yana ta barci. Wannan ta biyun alama ce ta wata cuta a jiki, kamar zazzaɓin sauro, ciwon huhu, ciwon mafitsara, riƙewar fitsari, faɗuwar sukari ko ƙarancin ruwa. Gajiyayye yana iya ɗauke da babbar cuta jikinsa bai yi zafi ba ko kaɗan. Idan aka yi maganin dalilin da wuri, hankali yakan dawo. Idan aka tsaya ana hayaƙi kwana huɗu, ana iya rasa shi. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura 40, a tuna cewa tsoho ba ya jin ƙishirwa kamar yaro. Ba a jiran ya nemi ruwa, kai masa ake yi.

Kwanciya ita ma cuta ce

Mu a al'adarmu, nuna ƙauna shi ne a ce ma tsoho: “Kwanta ka huta, za a yi maka.” A 2007 an yi wani gwaji a Amurka, aka kwantar da tsofaffi masu ƙoshin lafiya kwana 10 bisa gado. Da aka auna su, sun rasa kusan kilo guda na tsokar ƙafafu. Masu lafiya ke nan, balle marar lafiya. Saboda haka masu wannan ilimi suna koyar da a tashi majinyaci da zarar ya iya, ya zauna, ya taka zuwa bakin ƙofa, gobe zuwa zaure. A bar tsohuwa ta ɓare gyaɗarta, ta tsince wakenta. A ba ta abin gina jiki mai laushi: fura da nono, wake da ya dahu lugub, ƙwai, kifi, miyar zogale da dakakken ƙuli-ƙuli.

Wanda ya riga ya kwanta kuwa, jinyarsa tana da ƙa'idoji. Ana juya shi kamar kowace sa'a biyu, a duba ƙugu, gindin baya da dugadugai. Jan tabon da bai gushe ba in an danna shi, farkon gyambon kwanciya ne, kuma gyambon nan in ya buɗe yana cin kuɗi fiye da cutar farko. Ba a ɗura ma mutum kunu yana kwance. A zaunar da shi, a ba shi kaɗan-kaɗan, kuma in yana tari ko ƙwarewa a duk loma, musamman mai shanyewar ɓarin jiki, a gaya ma likita, don abincin na iya bin hanyar huhu. Akwai kuma yadda ake ɗaga babban mutum ba tare da mai ɗagawar ta karya bayanta ba. Mata nawa ne a kasuwa ke ɗaure ƙugu da ɗankwali saboda ɗaga suruki? Littafin OMS ya ware babi guda kan mai jinyar kanta, a tambaye ta ko tana barci, ko akwai mai karɓarta, ko sana'arta ta tsaya.

Ina muka kwana a Nijar?

Ƙasarmu ta yara ce. Ƙidayar 2012 ta samu mutum miliyan 17 da ɗoriya, kusan rabinsu ba su kai shekara 15 ba, masu shekara 60 zuwa sama kuwa ba su kai 5 cikin 100 ba. Don haka ba laifi ba ne da gwamnati da masu ba da agaji suka zuba ƙarfinsu kan uwa da yaro. Ƙananan gidajen likita na karkara da aka gina tun daga 2001 a zamanin shugaba Tandja Mamadu, da maganin kyauta ga yara ƴan ƙasa da shekara 5 da aka fara a 2006, sun ceci rayuka masu yawa. Ma'aikacin CSI ya iya rigakafi, awon ciki, tamowa da zazzaɓin sauro kamar ruwa, saboda a kansu aka yi ta ba shi horo, a kansu kuma ake tambayarsa lissafi duk ƙarshen wata.

Amma yanzu jama'ar ƙasa ta haura miliyan 25. Ko 4 cikin 100 aka ɗauka, ana maganar tsofaffi wajen miliyan guda ne. A 1960 tsawon ran da ake sa ma jariri bai kai shekara 40 ba, yau ya haura 60. Samari sun tafi cin rani, gidaje sun rage hannuwa, fansho kuma na ma'aikatan gwamnati ne da masu albashi. Mai sayar da barkono ba ta da fansho sai ƴaƴanta da ƙafafunta.

Wuraren koyarwa muna da su: makarantun ENSP na Yamai da Damagaram, sashen koyon likita na jami'ar Abdu Mumuni, da na jami'o'in Maraɗi da Damagaram, ga makarantun lafiya masu zaman kansu da suka cika birane. Abin da ya dace shi ne kada ɗalibi ya karɓi takardarsa sai ya duba gajiyayyu da hannunsa a gaban malami, kamar yadda ake ƙirga ma ɗalibar ungozoma haihuwar da ta karɓa. Waɗanda ke bakin aiki kuma a ba su horon ƴan kwanaki, a bi su a gani ko suna yi. Horon otel da ake zuwa don kuɗin zama, a dawo a ajiye littafi cikin akwati, mun gan shi ya ishe mu.

Maƙwabta sun ɗan taɓa. Senegal ta fito da shirin Sesame a 2006, na maganin kyauta ga masu shekara 60 zuwa sama, sai dai ya sha fama da jinkirin biyan asibitoci kuɗinsu, irin matsalar da namu shirin na yara ya sha. A Najeriya, asibitin koyarwa na Ibadan ya buɗe cibiya ta musamman ta tsofaffi a 2012. A ganinmu kyauta ba ita ce farko ba. In ma'aikaci bai san abin da zai nema ba, kyautar za ta ƙare ne a ƙarin ƙwayoyi cikin leda.

Kuma kada wani ya ce matan da ba su yi boko ba ba za su iya koyo ba. Bayan yunwar 2005, kowa a Maraɗi da Damagaram ya san igiyar nan mai launin kore, rawaya da ja da ake auna damtsen yaro. Da farko ma'aikata kaɗai ke riƙe ta. Daga baya, a Mirya, ƙungiyoyin ALIMA da BEFEN suka koya ma iyaye mata su auna da kansu, aka ga suna yi daidai, har suna kawo yara da wuri. Yau ƙasashe da dama sun kwaikwayi wannan dubara. Matar da ta iya karanta igiyar tamowa za ta iya ƙirga tashi biyar daga kujera. Ko igiyar awon tela tana da amfani: idan kaurin sha-raɓar tsoho bai kai santimita 31 ba, alama ce tsoka ta zube.

Ƙungiyoyin Mata Masu Dubara, da suka samo asali a jihar Maraɗi tun 1991, suna taruwa kowane mako don asusu. Haka ƙungiyoyin ƴan kasuwa suna da shugabanni da ake jin maganarsu a wurin magajin gari. Babu abin da zai hana su gayyato likitan CSI na unguwa wata rana bayan la'asar, ya nuna yadda ake juya majinyaci, yadda ake ɗaga shi, da alamomin da ba a kwana da su a gida: ruɗewar farat ɗaya, karkacewar baki ko mutuwar hannu, faɗuwar da aka kasa tashi, da ƙin shan ruwa.

Kafin a kai ga nan, ranar da za ki kai Inna awo, ki tafi da ledar maganinta duka, har da na gargajiya. Ki faɗi tun yaushe ta canja, da abin da take yi da kanta a watan jiya wanda ba ta iyawa yau, da sau nawa ta faɗi a bana. Ki roƙi a ɗora ta bisa sikeli a rubuta kilon cikin karne, don a samu abin gwadawa in kun dawo. In an ce miki tsufa ne, ki tambaya cikin ladabi ko an duba idonta da kunnenta da bakinta, ko kuma an auna tansiyonta a tsaye.